Neman shawara: da wane albam ake fara jin rok na indi?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ɗora ni a hanya. Duk jerin da na duba na manyan albam-albam na rok ɗin da ake kira indi ko altanatif, sunaye uku ba sa ɓacewa: *Loveless* na My Bloody Valentine, *Daydream Nation* na Sonic Youth da *OK Computer* na Radiohead. Na sauke su. Na kunna na farkon a waya, sai na ji kamar injin markaɗe, ko abin da mawaƙiyar ke cewa ba a ji. Na biyun kuma ya ƙi ƙarewa. Kunnena ne, ko wayar, ko kwafin ne ya lalace? Da wanne ya kamata a fara? Kuma mene ne bambancin indi da altanatif? Kayan jina waya ce da iyafis na kasuwa, data kuma sai ana lallaɓawa.

Mai tara faifai:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwafinka lafiya lau yake, haka aka yi shi. Matsalar ita ce ka faɗa tsakiyar kogi tun ba ka jiƙa ƙafa a bakin ruwa ba.

Maganar suna tukuna. Asalin indi ba salon kiɗa ba ne, maganar wanda ya fitar da faifan ce: ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, irin su Rough Trade, 4AD da Creation a Ingila, Sub Pop a Seattle, Matador a New York, Merge a jihar North Carolina. Altanatif kuma laima ce mai faɗi, duk rok ɗin da manyan gidajen rediyon Amurka ba sa sawa a shekarun 1980, sai rediyon jami'o'i. Nirvana ce ta rikita lissafin. *Bleach* na 1989 a Sub Pop ya fito, kuɗin ɗaukarsa dala ɗari shida da 'yan kai. *Nevermind* na 1991 kuwa a babban kamfani ya fito, DGC, har a Janairun 1992 ya ture Michael Jackson daga saman jadawalin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka. Daga nan altanatif ya zama hajar babbar kasuwa. Shi ya sa *OK Computer*, da ya fito a Parlophone, altanatif ne amma ba indi ba in za a bi ƙa'ida. Yau dai mutane sun cakuɗa kalmomin biyu, kada ka wahalar da kanka a kai.

Ga yadda zan jera maka. Fara da *Is This It* na The Strokes, 'yan New York, 2001. Waƙa 11, kusan minti 36, babu kwana-kwana: jita biyu, bes, ganga, murya. A nan kunnenka zai koyi rarrabe kayan kiɗan ɗaya bayan ɗaya. Sai *Doolittle* na Pixies, 1989, waƙa 15 cikin minti 38, wasu ma ba su kai minti biyu ba. Wannan ka ba shi lokaci, don shi ne mabuɗin sauran. Dabararsu ita ce a baiti a bar bes ɗin Kim Deal da ganga kusan su kaɗai, a amshi kuma a saki jita da ihu gaba ɗaya, sai a koma shiru. Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, da bakinsa ya ce a wurinsu ya ari wannan salon. In ka gane shi a "Tame" da "Gouge Away", rabin rok ɗin shekarun 1990 ya zama sananne gare ka.

Bayan su *The Queen Is Dead* na The Smiths, 1986, saboda jitar Johnny Marr mai tsabta ce, tsinka yake yi, ba duka ba. Sai *Funeral* na Arcade Fire, 2004, inda ake ƙara goge na Turawa da akodiyon da amshin taro. Sannan ka koma wa *OK Computer*. Waɗancan biyun da suka kore ka ka ajiye su ƙarshe. Kowane albam ka ji shi sau uku cikin mako guda, daga farko zuwa ƙarshe, kafin ka yanke masa hukunci. A ji na farko hayaniya kawai kunne ke kamawa.

Mai haɗa sauti a situdiyo:

Malam ya yi bayanin jeri, ni zan taɓa kayan ji, don rabin matsalar tana nan.

Lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes tana kaɗawa ne sau 41 a daƙiƙa, babbar ganga tana tsakanin 50 zuwa 100, ita kuwa 'yar lasifikar waya sai sauti ya haura ɗari biyu zuwa uku take fara kama shi da kyau. To a *Doolittle* bes ne ke riƙe da karin waƙar. Ka cire shi, me ya rage? Ihu da ƙarar kwano. A *Loveless* abin ya fi muni, don kaurin da ke ba jitar ɗumi ya tafi, saura tsiwar sama kawai. Injin markaɗen da ka ji ke nan.

Iyafis na kasuwa ya wadatar, da sharaɗi biyu. Na ɗaya, ya zama mai robar da ke toshe kunne, kuma robar ta zauna daram. In iska na shiga ta gefe, bes ya gudu. Yawanci sukan zo da roba girma uku a kwali, gwada duka. Na biyu, ka sa kunne biyu. Wannan al'adar ta sa ɗaya a bar ɗaya yana lilo a ƙirji ba ta yi wa irin wannan kiɗan. A situdiyo akan tura jita ɗaya hagu, ɗaya dama. A The Strokes, Nick Valensi da Albert Hammond Jr. ba abu ɗaya suke kaɗawa ba, wannan ya yi tambaya wancan ya amsa. Da kunne ɗaya rabin hira kake ji.

Ka shiga saitin manhajar da kake amfani da ita, ka kashe ƙarin bes da duk wani saiti mai sunan rok ko sautin sinima. An riga an daidaita faifan, ƙarin nan cakuɗa shi yake yi ya zama taɓo. Ka kashe gauraya waƙoƙi. Ka kashe wanda ke shigar da farkon waƙa cikin ƙarshen wata, ka kunna wanda ke hana tsaiko tsakanin waƙoƙi. A *OK Computer* ƙarshen "Airbag" yana miƙa ka ne kai tsaye ga "Paranoid Android", tsarin da gangan aka yi shi.

Lissafin data kuma ga shi. A inganci 320 kbps, minti ɗaya yana cin kusan MB 2.4, wato albam mai minti 45 zai kai MB 108. A 160 rabin haka ne, MB 54. A 96, kusan MB 32. FLAC, wanda ba a rage masa komai ba, zai ci MB 250 zuwa 300. Da waya da iyafis na kasuwa, 160 ya ishe ka, FLAC asarar data ce. Amma kada ka sauka ƙasa da 128 a kan faifai masu ƙarar jita da yawa. Dalili: matse fayil yana aiki ne ta hanyar zubar da sautin da ake ganin kunne ba zai yi kewarsa ba, kuma abin da ya fara lalacewa shi ne farantan ƙarfen da ke kan ganga da ƙarar jita. Sai ka ji suna "shuu-shuu" kamar ana wanki a ƙarƙashin ruwa. Ka sauke sau ɗaya lokacin garaɓasar dare, ka ajiye a memori, kada ka riƙa jawowa kullum. Kwafin da aka tatso daga bidiyo, sau da yawa an matse shi fiye da sau ɗaya, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa.

Wata 'yar'uwa:

Ni ban yarda sai an faro daga New York ba. Ɗan'uwa, kunnenka ya riga ya san wata ƙofar. Ka nemi *Afrique Victime* na Mdou Moctar, 2021. Ba-Abzine ne na Nijar, kuma a Matador albam ɗin ya fito, kamfanin da ya fitar da Pavement, sanannun 'yan indi na Amurka. Albam ɗinsa na farko, *Anar*, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da muryar kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta memori da bulutut ya yaɗu a Sahel kafin Turawa su san da shi. A *Afrique Victime* waƙar da ke ɗauke da sunan albam ɗin ta haura minti bakwai. Tana farawa da natsuwa, ganga na ƙara sauri a hankali, ƙarshenta jita ta zama guguwa. Wanda ya saba da kiɗan da ke maimaita kari ɗaya yana zafafa, irin na kalangu a filin dambe, ba zai ga baƙon abu ba. To in ka iya zama da wannan minti bakwai ɗin, *Daydream Nation* ba zai ba ka tsoro ba, don gini ɗaya ne: a kafa kari, a maimaita, a rushe shi, a dawo.

Daga nan akwai *Nomad* na Bombino ɗan Agadas, 2013, wanda Dan Auerbach na The Black Keys ya haɗa, da *Tassili* na Tinariwen, 2011, wanda 'yan TV on the Radio suka sa baki a ciki, ya kuma ci Grammy.

Sannan jerin Malam duk maza ne ke jan waƙa, in ka cire Kim Deal ta Pixies da Régine Chassagne ta Arcade Fire a 'yan wurare. A ƙara *Stories from the City, Stories from the Sea* na PJ Harvey, 2000. Ta ci kyautar Mercury, ta gwarzon albam a Birtaniya, da shi a 2001, ta sake ci a 2011 da *Let England Shake*. Na farkon ya fi sauƙin shiga, muryarta a gaba take, ba sai ka laluba ba.

Mai tara faifai:

Na karɓi gyaran Hajiya. Sa Mdou Moctar tsakanin *Doolittle* da The Smiths.

Wani tarko da na manta: sabbin bugu. In ka nemi tsohon albam a manhaja, sau da yawa bugun tunawa ne ke fara fitowa, mai waƙa talatin ko arba'in, da gwaje-gwajen situdiyo da wasan dandali. Sabon shiga sai ya ɗauka duka albam ɗin ke nan, ya gaji a hanya. *OK Computer* na asali waƙa 12 ne, minti 53, yana ƙarewa da "The Tourist". Duk abin da ya biyo baya a bugun *OKNOTOK* na 2017 ƙari ne. *Is This It* ma iri biyu ne: bayan harin 11 ga Satumba 2001 an cire "New York City Cops" daga CD ɗin Amurka aka sa "When It Started". Kowanne ka samu ya yi, amma kada ka yi zaton kuskure ne.

Kuma a kula da bango. Hoton bangon *Is This It* na asali, da na *Surfer Rosa* na Pixies, da na *Nevermind*, duk akwai tsiraici, kuma waya kan baje hoton a kan allo ko a kulle take. A saitin sanarwa ana iya hana shi fitowa. Gara ka yi tun kafin ka ajiye wayar a gaban manya.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada *Doolittle* da kunne biyu, ashe akwai bes a ciki! To in lokacin waɗancan biyun ya yi, ta ina zan kama su?

Mai haɗa sauti a situdiyo:

*Daydream Nation* na 1988 ne, faifai biyu aka yi shi, fuska huɗu, kusan minti 70. Masu jin sa a lokacin sai sun tashi sun juya faifai, wato suna hutawa. Kai ma yi haka. Fuskar farko waƙa uku ce: "Teen Age Riot", "Silver Rocket", "The Sprawl". Ji su ka tsaya, gobe ka ci gaba. In jitar ta yi maka kamar ba a ɗaure ta daidai ba, da gangan ne. Thurston Moore da Lee Ranaldo ba sa bin ɗaurin da kowa ya sani, sukan ɗaure tsirkiya biyu a murya ɗaya ko kusa da juna don su riƙa gogayya, shi ne wannan amon mai kama da ƙararrawa.

*Loveless* kuwa, 1991, ka daina neman kalmomin. Kevin Shields ya nutsar da muryarsa da ta Bilinda Butcher cikin jitar da niyya, murya a nan kayan kiɗa ce kamar sauran. Wannan lanƙwasar da ke sa ka ji kamar kaset ya sha rana, daga hannunsa take: yana riƙe da ɗan sandan ƙarfen da ke jikin jitar yayin da yake kaɗawa, yana dannawa a hankali, sai muryar tsirkiya ta sauka kaɗan ta dawo. Nan kaɗai zan ce ka saɓa wa tsarin albam. Fara da waƙa ta 5, "When You Sleep", karinta a fili yake. Sai ta 8, "Sometimes", wadda babu ganga a cikinta, ka kasa kunne ga jitar katako da ke tafiya a ƙarƙashin ƙarar. Sai ta 11, "Soon", mai kiɗan rawa. In waɗannan ukun sun zauna, koma farko. Ta 4, "To Here Knows When", ita ce mai wuyar, a bar ta sai kunne ya saba.

Albam ɗin yana son a ɗan ɗaga murya, don a ƙasa-ƙasa komai haɗewa yake ya zama abu ɗaya. Amma kada ka wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar, kuma ka ji shi a ɗaki, ba a cikin A Daidaita Sahu ko kusa da janareta ba, inda dole ka ƙure murya don ka danne hayaniyar waje. Su kansu 'yan My Bloody Valentine a wasanninsu raba wa jama'a abin toshe kunne ake yi a bakin ƙofa. In ka cire iyafis ka ji kunnenka na "wiii", ka yi yawa, rage layi biyu a zama na gaba.