Rikobarin ya daina fitowa a gwajina, ku agaza mini

Salamu alaikum malamaina. Ɗaliba ce ni a Maradi, ina bincike kan rikobarin, furotin ɗin nan mai kama kalsiyam a ƙwayoyin halittar ido masu karɓar haske. Idanun shanu nake samowa daga mahauta tun asuba, cikin ƙanƙara.

Da farko layinsa na fitowa sarai wajen 23 kDa (ma'aunin nauyin furotin) a gwajin Westan bulot, wanda ke nuna furotin a matsayin layi. Yanzu mako uku ke nan, fayau. Antikor ɗin nake zargi, wato sinadarin da ke manne wa rikobarin don layinsa ya fito: wuta ta yi ta ɗaukewa, ya narke ya sake daskarewa ya fi sau huɗu, ga zafin garin nan. Shi kaɗai gare ni, da kyar na samo shi, abin yana damuna ƙwarai.

Ta yaya zan gane ko shi ne ya lalace ko samfurin da na ciro daga idanun shanun? Allah ya saka da alheri.