Maniyyi yana kai wane lokaci a waje kafin ya mutu? Ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, Admin don Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a Tudun Wada nan Zariya, shekaru kenan Allah bai kawo haihuwa ba, ni an min gwaje-gwaje har hoton mahaifa an ce lafiya lau, yanzu likita ya ce saura maigida ya yi gwajin maniyyi. Da ƙyar ya yarda wallahi, kuma ya ce shi ba zai iya fitarwa a can lab ba kunya yake ji, sai dai a yi a gida mu kai asibitin Shika. To ƙwayoyin suna kai wane lokaci a waje kafin su mutu? Wata ƙawata ta ce in sa a firij da daddare mu kai da safe, wata kuma ta ce da iska ta taɓa shi shikenan ya mutu. Tsorona kar sakamako ya fito ba kyau alhali mu muka ɓata, don ban san yadda zai ɗauki abin ba.

Baban Ikram: Wa alaikumus salam 'yar uwa, aikin lab nake yi. Don girman Allah kar ki sa a firij, sanyi yana kashe musu motsi kuma motsin nan yana cikin manyan abin da muke dubawa. Ƙa'ida ita ce ya iso hannunmu cikin awa 1 da fitarwa, in ya zo cikin minti 30 ma ya fi. Maganar iska kuma ba haka ba ne, bushewa ce ke kashe su, in ya zuba a zani ko a fata ya bushe to sun mutu cikin 'yan mintoci, amma a cikin roba mai murfi suna nan da ransu, sai dai motsinsu yana ta raguwa a hankali shi ya sa muke matsa wa mutane da maganar lokaci. Ku je lab ɗin tukuna ku karɓi robarsu mai tsabta, kar a yi amfani da kwalbar magani ko kwaroron roba na kemis don man jikinsa yana illata su, haka sabulu da basilin da miyau. Ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin ranar, kar ya gaza kar ya wuce. Duka zai zuba a ciki, musamman na farkon fitowa don a nan ƙwayoyin suka fi yawa, in wani ɓangare ya zube a waje maigida ya faɗa mana kar ya ɓoye. Ku rubuta lokacin a jikin robar.

Maman Sudais: Mu ma haka muka yi 'yar uwa. Maigidana a aljihun ciki ya sa robar ta jingina da jikinsa saboda ɗumi, kar dai a ajiye a gaban mota rana ta doke ta. Ku fita da sassafe kafin cunkoson Kwangila, kuma ku tanadi abin hawa tun kafin, ba sai an gama a tsaya jiran keke a bakin titi ba.

Ummu Hanan: Afuwan in ɗan shigo da tawa, to mace za ta iya ɗaukar ciki ta ruwan wanka ko tawul ɗin da namiji ya goge jiki? Ana yawan faɗa a unguwarmu.

Anti Nas: Ummu Hanan a'a ƙanwata, wanda ya bushe a tawul ya riga ya mutu, na cikin ruwa kuma ya watse ba ya daɗewa balle ga sabulu. Inda suke daɗewa shi ne cikin jikin mace, suna iya kai kwana 5 in lokacin sakin ƙwai ya kusa, shi kuwa ƙwan awa 12 zuwa 24 kawai yake yi. Masu ajiyewa shekara da shekaru kuma daskarar da shi suke yi da wani sinadari a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili bayan sun haɗa shi da abin kariya, firij ɗin gida ba zai yi wannan ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai Allah ya saka. Wani abu kuma, ya yi zazzaɓi mai zafi watan da ya wuce, zai shafi gwajin?

Baban Ikram: Zai iya shafa sosai, ku faɗa wa likita. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar wajen kwana 74 kafin ta gama haɗuwa, to zazzaɓin wancan watan yana iya rage yawansu yanzu. Shi ya sa ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, in na farko bai yi kyau ba ana maimaitawa bayan kamar wata 3. Ki gaya wa maigida wannan tun kafin ku karɓi takardar don kar hankalinsa ya tashi, kuma ki ce masa mu a wurinmu aiki ne na kullum, ba mai kallonsa da wani ido. Allah ya ba ku zuri'a ɗayyiba.