Makarantar kwana a lokacin 'yan bindiga: ta ina za a fara idan an haɗe ɗalibai wuri ɗaya?

Ɗan Marina:
Assalamu alaikum. Tambayata ga tsofaffin malamai da ma'aikatan lafiya. Tun bayan kwashe yaran Ƙanƙara a Disamban 2020 da 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana na wajen gari, aka riƙa maido ɗalibai cikin birni. Makarantar da aka gina don yara 300 sai ka iske ta da 500. Idan kwamitin iyaye na da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, me ya kamata ya fara yi, katanga ko abinci?

Tsohon Firinsifal:
Wa alaikumus salam. Malam, ba katanga ba, ba abinci ba. Ruwa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga makarantar kwana lita 20 ne ga kowane mutum a yini. Yara 500 ke nan lita 10,000, wato tanki biyu masu lita 5,000 a cika su kullum. Wannan fa mafi ƙaranci ne, a watan Afrilu da zafi ke haura maki 40 ba zai kai la'asar ba. In ruwa ya yanke, yara za su tsallaka waje nemansa da asuba ko bayan isha'i, duk tsaron da aka tsara ya tashi a banza.

Kuma kada burtsatsen ya dogara da janareta kaɗai. A Satumban 2021 dokar tsaro ta jiha ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Dokar don 'yan bindiga aka yi ta, amma ta shiga har madafar makaranta. A sa wa famfon sola, a riƙa cika tankuna tsakanin hantsi da azahar, a goge ƙurar faifan sau biyu a mako lokacin hunturu, don ƙurar na rage ƙarfinsa ƙwarai.

Abinci kuwa lissafi ne. In ka ba kowane yaro giram 400 na hatsi a yini, 500 za su ci kilo 200, buhu biyu na kilo 100. Zango mai mako 13 kwana 91 ne, buhu 182. A sayi abin da za a iya tun da kaka, don kasuwannin gabas irin su Isa da Sabon Birni ba kullum hanyarsu ke biyuwa ba. Wake a zuba shi a buhu mai leda biyu ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako. Kada a sa ƙwayar maganin ƙwari a sito mai bango ɗaya da ɗakin kwana, iskarta na kisa.

Hajiya Ma'aikaciyar Jinya:
Ranka ya daɗe, ka yi daidai, sai dai ka tsallake wurin kwana, alhali nan ne yara suka fi jin jiki. Gado mai hawa biyu na mutum biyu, sai a mayar da shi na huɗu, wasu a tabarma tsakanin gadaje. Sannan don tsoro a rufe tagogi ruf. Wannan gayyatar sanƙarau ce, mu kuma muna tsakiyar yankinsa. Annobar 2017 Zamfara da Sakkwato da Katsina ta fi yi wa ɓarna. A bar tazarar kamar mita ɗaya tsakanin gadaje, masu kwana kusa su juya kai da ƙafa, taga a yi mata ƙarfe da raga a bar ta buɗe. Yaron da ya tashi da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai, wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, asibiti nan take, ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa ba shi farasitamol.

Da bazara ɗaki ba ya kwantuwa, kowa ya san haka. Maimakon a tilasta su ciki, a kewaye tsakar gidan kwanan da bango, su kwana nan cikin gidan sauro, malami ɗaya ko uwar ɗaki na tare da su. Makewayi kuma ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya da wurin fitsari ga maza 50, kuma ya kasance cikin wannan kewayen da fitila. In yana can bayan fili, yarinya za ta ƙi shan ruwa da yamma don kada ta fita da dare, daga nan sai ciwon mara.

Mai Gadin Gari:
Ɗan Marina, abu ɗaya nake roƙo ka kai wa kwamitinku: kada a kulle ɗakin kwana da kwaɗo ta waje. Masu yin haka gani suke kariya ce. A makarantar Buni Yadi ta jihar Yobe, Fabrairun 2014, wuta aka cinna wa ɗakunan kwana. Ko babu mahari, tartsatsin waya ko maganin sauro na kunnawa ya isa. Sakata ta ciki, ƙofa biyu a kowane ɗaki, masu buɗewa waje.

Katanga na rage gudun mai shigowa ne kurum, ba ta hana shi. Abin da ke ceto shi ne labari ya riga su isowa. A yi hulɗa da mai unguwa da 'yan banga da manoman da ke kewaye, su suka fi kowa ganin baƙin babura. A ajiye rediyon oba-oba aƙalla uku, na ƙofa, na firinsifal, na ɗakin kwana, don a 2021 an katse layin waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan. Ƙararrawar haɗari ta bambanta da ta cin abinci, a gwada ta da yara a farkon kowane zango, har da rana, tunda harin Birnin Yauri na Yunin 2021 da rana tsaka aka kai shi. A sare ciyawa da gero mai tsawo da ke jikin bango. Fitila ta haska waje, mai gadi ya zauna a duhu. Wanda ya zauna ƙarƙashin fitila shi ake gani, shi ba ya ganin kowa.

Tsohon Firinsifal:
Hajiya, na karɓa. Ƙarin da zan yi, karatun dare da ake sokewa a mayar da shi bayan la'asar, in ba haka ba 'yan ajin ƙarshe su za su ji a jikinsu a jarrabawar WAEC. Kiran suna sau uku, asuba, magariba da lokacin kwanciya, a rubuce, kwafi ɗaya na rajistar da lambobin iyaye a ajiye shi wajen makaranta. Yaran da gidajensu ke cikin gari a mayar da su jeka-ka-dawo, a bar gadajen ga na Gudu da Tangaza da Rabah da ba su da wurin sauka.