Hannuna ya fara rawa a kan zanen lalle, ku ba ni shawara

Mai Ƙunshin Gwale:

Assalamu alaikum. Shekarata 6 ina zanen lalle a Kano, ja da baƙi, har na salatif. A hannun yayata na koya. Da can in na kama ƙafar amarya, fulawa zuwa take yi da kanta. Yanzu kowace amarya da hoton Instagram take zuwa, ta ce irin wannan sak take so, ƙawaye biyar a kaina da wayoyi suna ɗauka tun ban ja layin farko ba. Daren jajiberin ƙaramar Sallah na yi wa mata 14, na gama ana kiran assalatu, ban ji daɗin ko ɗaya ba. Makon jiya kuwa hannuna ya yi rawa a kan wata amarya har dayis ya ɗiga mata a yatsa. Ba ta ce komai ba, ni ce na koma gida na yi kuka. Akwai wanda ya taɓa shiga wannan halin? Ko in ajiye sana'ar ne?

Inna Mai Zunguru:

'Yata, kar ki ajiye. A zamaninmu babu zane, kwaɓa lalle ake yi, a ɗaure ƙafa da ganye da tsumma, hannu a zura a zunguru. Sai mace ta wuni ba ta iya ko ɗaukar ludayi, wata ce za ta ba ta ruwa a baki. A wannan zaman ake yi wa amarya faɗa, a nan kishiyoyin da suka kwana biyu ba sa ga-maciji suke komawa magana, don dole wata ta gyara wa wata ɗauri. Ke ma mutum kike riƙe wa hannu na awa guda. Ki tambaye ta labarin gidansu, ki ce ƙawaye su ajiye waya sai ya bushe.

Ɗan Zazzau Mai Allura:

Ƙanwata, ni babbar riga nake wa aiki a birnin Zariya. Riga mai adon da ake kira aska takwas ba aikin mutum ɗaya ba ce. Wani ne zai zana, mu mu bi da allura, wani ya yi wuya, wani aljihu, sannan ta tafi wurin mabuga. Tana cin watanni. Shekarar da na ce ni kaɗai zan riƙa yi a ɗaki don kuɗin su zama nawa, a shekarar idona ya gaji, zare ya riƙa sarƙe mini, na fara tsanar allurar. Na koma zaure cikin 'yan uwa, ana hira ana ɗinki, in na kauce na kusa da ni ya taɓa ni tun kafin ɓarnar ta yi nisa. Mata 14 a dare ɗaya, ke kaɗai, ya yi yawa. Ki samu yarinya ko biyu ki koya musu, su riƙa yanka salatif da cike.

Malamar Zane:

Zancen amare da hotunan Instagram, kamar sai an kawo sabon abu kullum, shi nake so in taɓa, 'yar uwa. Duba bayan naira 20, Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. A wurin 'yar uwar iyayenta ta koya a ƙauye, kamar yadda kika koya wurin yayarki. A 1954 ta shiga cibiyar tukwane da wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi injin juyi da gashin zamani, amma ƙadangare da kunama da kifin da take zanawa tun a gida ba ta bar su ba, da su aka san ta har Ingila da Amurka. Fulawarki ta da ba ta tsufa ba.

Mai Ƙunshin Gwale:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Inna, jiya na kwaɓa jan lalle na je na yi wa kakata, ba waya ba kuɗi. Fatar hannunta duk ta tattare, layin bai miƙe ba, amma hannuna bai yi rawa ba. Ta ba ni labarin ranar kamunta, abin da ban taɓa ji ba. Yaya Ɗan Zazzau, 'yar maƙwabtanmu za ta fara zuwa koyo ranar Asabar.