Mannewar hanji bayan tiyatar ciki: akwai rigakafi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Likitocinmu, don Allah me mutum zai yi kada hanjinsa ya manne bayan an yi masa aiki a ciki? Ana cewa gashi da ruwan zafi yana hanawa, gaskiya ne?

Likitan fiɗa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, yawancin rigakafin yana hannun mai fiɗa ne, a ɗakin tiyata. Cikin mutum shimfiɗe yake da wani tantani mai santsi. Da zarar an yanka shi, ko ya bushe, ko jini ya kwanta a kansa, sai jiki ya fitar da wani abu mai danƙo, fibrin. Bisa ƙa'ida jiki kan narkar da shi cikin kwana 3. Idan jini bai isa wurin sosai ba, ko ƙwayoyin cuta sun shiga, sai ya ƙi narkewa ya koma zare mai tauri, ya haɗe hanji da hanji ko da bangon ciki. Cikin kwana 5 zuwa 7 magana ta ƙare: ko an manne ko ba a manne ba. Kusan mutum 9 cikin 10 da aka buɗe wa ciki suna samunsa, sai dai akasari ba ya damunsu.

Abin da ke ragewa: aikin ƙananan huji da kyamara in ya yiwu, taɓa hanji a hankali, jiƙa shi da ruwan gishiri mai ɗumi, tsayar da jini tsaf, rage ƙona nama, da safar hannu marar hoda. Amurka ma ta haramta mai hodar tun 2017.

Likitar mata: Haka ne, Likita. Akwai kuma abin da ake sakawa a ciki lokacin aiki ya raba tsakanin kayan ciki na 'yan kwanaki. Seprafilm kamar siririyar leda yake, ya koma yauƙi cikin awa 24, amma ba a naɗe shi a kan sabon ɗinkin hanji, don ɗinkin na iya yoyo. Interceed kuwa kamar ƙyalle yake, ba ya aiki muddin akwai sauran jini. Adept ruwa ne, ana barin lita 1 a ciki. Duk ragewa suke yi, kuma da tsada. A tambayi likita tun kafin ranar aiki.

Malamar jinya: Ruwan zafi ba ya kaiwa can, sai dai ya ƙona fata ya jagwalgwala ɗinki. A tashi a taka tun ranar farko in likita ya yarda, yana tada hanji, yana hana daskarewar jini a ƙafa. Babban abin da ke hannunmu shi ne saurin zuwa asibiti. Afendiks ɗin da ya fashe, ko hanjin da taifot ya huda aka yi ta jiƙe-jiƙe a gida, mugunyar da ta malale a ciki ita ke haddasa mannewa mafi muni.

Likitan fiɗa: Ko bayan shekara 10 ne, in aka ga murɗar ciki mai zuwa tana lafawa, ciki ya kumbura, ga amai kore, ba bayan gida ba iska, to alamar toshewar hanji ce, a daina ci da sha, kada a ba da maganin sa zawo, a tafi asibiti a daren. Sau da yawa bututun da ake zurawa ta hanci zuwa ciki da ƙarin ruwa kan warware toshewar ba tare da wuƙa ba, kuma mun fi son haka, don kowace sabuwar tiyata sabon mannewa take kawowa.