Me aikin Seymour Benzer ya canza, alhali a kan ƙuda ya yi shi?

Ɗalibar Aji Uku:
Assalamu alaikum. An ba mu aiki a kwas ɗin ilimin gado, kowa ya rubuta tasirin binciken masani ɗaya, ni Seymour Benzer ne ya faɗo mini. Duk abin da na karanta maganar ƙananan ƙudajen nan ce masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba, kuma ko Nobel bai samu ba. Don Allah wanda ya san kan abin ya fahimtar da ni.

Tsohon Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam 'yata. Kin yi dace da mutum. Lokacin da Benzer ya shiga wannan fage a jami'ar Caltech ta Kaliforniya, wajajen 1967, masana da yawa gani suke hali ya fi ƙarfin a jingina shi ga ƙwayar gado guda. Launin ido an yarda, amma barci ko koyo? Shi ya ce a gwada a gani. Yakan ciyar da ƙudajen wani sinadari mai taɓa ƙwayoyin gado, sannan ya bi zuriyarsu yana tsintar waɗanda halinsu ya bambanta. Har wata na'ura ya haɗa ta bututai: a kunna fitila a gefe, masu rugawa wajen haske su ware daga waɗanda ba ruwansu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne aikin ɗalibinsa Ronald Konopka a 1971. Ƙudan nan yana da lokacinsa, da asuba yake fasa ƙwanso ya fito, yana da sa'ar kai-komo da sa'ar hutu, ko an rufe shi a duhu bai saɓa ba. Konopka ya samo iri uku da agogonsu ya rikice. Ɗaya ranarsa awa 19 ce, ɗaya awa 28, na ukun ba shi da lokaci sam, kowane lokaci tashi yake. Da aka bi diddigi, duka ukun a ƙwayar gado ɗaya matsalar take, suka sa mata suna period.

A 1984 Jeffrey Hall da Michael Rosbash a jami'ar Brandeis, da Michael Young a jami'ar Rockefeller, suka ware ƙwayar. Daga baya aka gano yadda take aiki: furotin ɗin da take yi yana taruwa da dare, idan ya yi yawa sai ya koma ya rufe ita kanta ƙwayar da ta samar da shi, da rana ya ruguje, a sake daga farko. Zagaye ɗaya kusan awa 24. Su ukun nan aka ba Nobel a 2017. Benzer ya rasu a 2007, Konopka a 2015, kuma ba a ba mamaci. Na Konopka har yau yana ci mini rai, shekara biyu kacal.

Nas Mai Aikin Dare:
Malam ya gama magana, ni dai in ƙara ta ɓangaren mutane. Mu ma muna da irin wannan ƙwayar. A 2001 an binciki wani dangi a jihar Utah ta Amurka waɗanda barci ke kwashe su tun wajen bakwai da rabi na yamma, su farka wajen huɗu da rabi na asuba, aka tarar canji ne a PER2, 'yar'uwar ta ƙudan. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin marasa lafiya ya san yadda jiki ke mutuwa da ƙarfe ukun dare ko ka yi barcin rana. Ƙanwata, ki sa wannan a aikinki.

Mai Binciken Sauro:
Ki bi ta kan almajirai ma. Leslie Vosshall a wajen Michael Young ta yi digirinta na uku, daga baya ta koma kan yadda ƙwari ke jin wari. A 2013 ɗakin bincikenta ya lalata ƙwayar orco, mai taimaka wa jin wari, a sauron Aedes aegypti, sai ya rage fifita warin mutum a kan na dabba, warin maganin korar sauro na DEET ma ya daina korarsa daga nesa. Hanyar Benzer ce sak: taɓa ƙwaya ɗaya, kalli hali. Amma ki kiyaye, kar ki rubuta cewa an magance maleriya. Aedes shi ke kawo cutar shawara da zazzaɓin dengi, na zazzaɓin cizon sauro Anopheles ne, kuma gidan sauro har gobe shi ne abin dogaronmu.

Ɗalibar Aji Uku:
Allah ya saka da alheri. Malam, to koyo fa da ka ambata, an samu ƙwayarsa?

Tsohon Malamin Bayoloji:
An samu. A 1976 ɗakin Benzer ya fito da ƙudan da suka kira dunce, wato daƙiƙi. Ana haɗa wani wari da ɗan jan lantarki, sauran ƙudaje su koyi guje wa warin, shi kuwa ya koma masa. Amma ki fara da takardar Konopka da Benzer ta 1971 a mujallar PNAS, ba ta da tsawo, kuma ki tsaya sosai a kan zanen da ke nuna lokacin fitowar irin ukun nan.