Fim ɗina ya tsaya a rabi, in yarda a mayar da shi mai dogon zango?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan. Shekara shida ina riƙe wa daraktoci kyamara, sai bana na ce bari in yi nawa. Labarin wani dattijo ne manomi a wani ƙauye gefen Dambatta, ɗansa na son sayar da gonar gado ya tafi Legas. Babu waƙa, babu rawa. Na sayar da babur ɗina, yayata kuma ta ba ni kwasar adashinta. Muka yi kwana 11 muna ɗauka a watan Agusta, lokacin gero ya kai kafaɗa. Kuɗi suka ƙare saura fitowa tara, biyar daga ciki a gona. Yanzu ga hunturu, an yi girbi, sai kara da ƙura.

Wani furodusa ya ce zai cika min kuɗin, amma da sharaɗi: a yanka shi kashi-kashi, a ƙara waƙoƙi biyu da labarin soyayya, a saka a tasharsa ta YouTube. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Yayata ba ta taɓa yi min maganar kuɗinta ba, kuma shirun nata ne ya fi damuna. In karɓa?

Editan Titin Zoo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, furodusan bai yi maka ƙarya ba. Tun da kasuwar CD ta Ƙofar Wambai ta mutu, kuɗin ya koma YouTube da tashoshi irin Arewa24. Kai kaɗai kuma, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin talla ta fara biyanka. Amma fim ɗin da aka rubuta don zama ɗaya, in aka yayyanka shi, kowane kashi sai ya ƙare babu abin da zai ja mai kallo ya dawo mako mai zuwa. Na sha tace irinsa, ba ya daɗi.

Kafin komai, sa abin ji a kunne ka saurari sautin da kuka ɗauka. Iskar gona da ƙarar janareto sun kashe finafinai da yawa a teburina. Mutane na haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma in ba su ji magana ba, tashi suke yi. Ka kuma ware kuɗin Hukumar Tace Finafinai, don ko a YouTube za ka saka, tana neman a kawo mata.

Baba na Damagaram:
Ɗana, labarinka ya taɓa ni, domin mu ma a nan gonar gado ta raba gidaje da yawa. Kada ka ɗauka Kano ce kaɗai kasuwa. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, ana yin bikin finafinan Afirka mai suna FESPACO tun 1969, duk bayan shekara biyu, kuma wanda ya fara cin babbar kyautarsu a 1972 ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda. Irin naka suke nema, mutum da gonarsa da harshensa. Sai dai ka sani, yawancin manyan bukukuwan fim ba sa karɓar abin da aka riga aka saki a intanet. Ranar da ya hau tashar furodusan nan, wannan ƙofa ta rufe. In ka gama, ni zan rubuta maka fassarar Faransanci da za a sa a ƙasan hoto, ba sai ka biya ba.

Maman Ilham:
Malam, ni marubuciya ce, sai in ce hunturun nan alheri ne. Fitowa biyar ɗin dole ne su kasance a gona mai kore? In ɗan ya dawo bayan girbi ya tarar da uban shi kaɗai yana tara kara, ai ya fi ciwo. Lokaci ya wuce a idon mai kallo ba tare da wani ya faɗa ba. Sake duba rubutun, mai yiwuwa tara ɗin su koma huɗu. Batun yayarka kuwa, ka je da kanka ka nuna mata abin da aka ɗauka. Mace da ta ba ka kwasarta tana da haƙƙin ta gani.

Ɗan Gwale:
Allah Ya saka da alheri. Yaya, na saurari sautin daren jiya, fitowa biyu iska ta lalata, sai an sake ɗaukar murya a situdiyo. Baba, na gode ƙwarai, zan nemi fassarar in lokaci ya yi. Hajiya, na zauna da rubutun bayan sallar asuba, tara sun koma biyar, kwana uku za su ishe mu. Na kira dattijon da ke fitowa a uba, ya ce bai aske gemun ba tun Agusta, yana jira na. Furodusan zan ba shi haƙuri gobe. Ranar Juma'a zan ɗauki kwamfuta in tafi gidan yayata a Kurna.